"Su Ma Suna Salla?": Addu'ar Kirista Daga Tajaye Zuwa Galmi

Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya daga Tajaye ko ƙauyukan da ke gefenta, bayan an sha jiƙo an sha rubutu, an je ƙaramin asibitin gari abin ya faskara, ya san sunan da ake ambata daga ƙarshe: Galmi. Garin yana bakin babban titin da ya taso daga Birnin Ƙonni ya ratsa Malbaza ya nufi Madawa, kuma abu biyu suka kai sunansa nesa, albasa da asibitin mishan. Tun 1950 asibitin yake nan, shekara goma kafin Nijar ta samu mulkin kai. Adarawa da Gobirawa, Abzinawa da Fulani, har da masu ƙetaro iyaka daga ƙasar Sakkwato, kowa ya san inuwar da masu jinya ke shimfiɗa tabarma su hura wutar kunu.

A nan ne da yawa daga mutanen wannan yanki suka fara ganin Kirista yana addu'a da idonsu. Ga yadda abin yakan kasance. Dattijo ya kawo ɗansa, an ce sai an yi masa aiki. An kwantar da yaron a gadon turawa, an lulluɓe shi da koren ƙyalle, uban yana tsaye riƙe da takalmansa da 'yar robar ruwa. Sai likita ya tsaya, ya sauke abin rufe baki, ya ce:

"Baba, kafin mu shiga, ka yarda mu yi masa addu'a?"

"To, lokotoro, wa zai ƙi addu'a?"

Likitan ya ɗora hannu a kafaɗar yaron, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido. Dattijon kuwa ya jingine takalman, ya buɗe tafukansa sama, idonsa a buɗe kamar yadda ya saba tun yana yaro. Da Hausa ake yin addu'ar, ko likita baƙo ya yi da harshensa wani ma'aikaci ya juya. Ana ambaton sunan yaron, ana roƙon Allah ya bi da hannun masu aikin, ya tsai da jini, ya kwantar da hankalin iyaye. Ba ta kai minti biyu. A rufe ta da "cikin sunan Yesu". Wani uban ya ce amin ya shafa fuska, wani ya yi shiru ya karanta tasa a zuci. Aka tura gado, ƙofa ta rufu.

Can a inuwa, lokacin da jira ya yi tsawo, sai ka ji wani ya jefo tambayar da na sha ji: "Wai su ma suna salla kuwa?"

Ba tambayar raini ba ce. A ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, mutum yana iya tsufa a Tajaye bai taɓa leƙa majami'a ba. Abin da ya sani a kan ibada shi ne abin da yake gani sau biyar a rana: buta, alwala, alƙibla, sahu, goshi a ƙasa. Maƙwabcinsa Kirista, in yana da shi, malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka turo daga wani gari, bai taɓa ganinsa da buta a ƙofar gida ba. Yaya ba zai tambaya ba?

Hausa da kanta ta raba abin gida biyu. Akwai salla, mai lokaci da raka'a da lafazin Larabci. Akwai addu'a, wato roƙon da bawa yake yi wa Ubangijinsa a kowane hali, da kowane harshe. Kiristocin ƙasar Hausa kalma ta biyu suka ɗauka suka ɗora mata nauyin ibadarsu duka. Taron Lahadi kuma suna ce masa sujada, abin da kan rikita baƙo, don zai shiga ya ga ana waƙa ana wa'azi, bai ga wanda ya kai goshi ƙasa ba. Saboda haka amsar gaskiya ita ce, salla irin wadda mai tambayar yake nufi ba su da ita. Ba a wajabta musu alwala ba, ba a tsayar musu da alƙibla ba, duk da cewa Kiristocin farko sun fi son fuskantar gabas. Mutum yana iya yi a durƙushe, a tsaye, a zaune bakin gado, ko yana tafe bayan jakinsa. Kuma a babi na 6 na Bisharar Matiyu an gargaɗe su da kada su yi addu'a don idon mutane, an ce mai yi ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Mai bin wannan umarni da gaske, maƙwabcinsa ba zai gan shi ba. Ita kuwa unguwa, abin da ba ta gani ba sai ta ɗauka babu shi.

Zan faɗi kuma, don kada a ce na kare gefe guda, akwai Kiristocin da ke kallon sallar Musulmi su ce ai motsa jiki ne da haddar baƙin harshe. Wannan ma rashin sani ne. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta idar da Asuba ta zauna a kan buzu tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah ba zai sake faɗin haka ba.

Yadda addu'ar ta koyi Hausa

Ƙungiyar da ta gina asibitin Galmi, SIM, ta samo asali ne a 1893, lokacin da wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a wancan zamani. Cikin kamar shekara ɗaya, biyu daga cikinsu suka rasu da rashin lafiya, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1924 mishan ɗin ta shigo Nijar ta kafa zango a Damagaram, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan Galmi, inda Likita Burt Long ya fara aiki, da kuma asibitin kutare na Danja. Daga cikin waɗanda suka bi wannan hanya aka samu ikilisiyar EERN a farkon shekarun mulkin kai, kuma har yau tana cikin manyan ikilisiyoyin Furotesta na Nijar.

Amma abin da ya fi gini tasiri shi ne littafi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya daɗe yana kansa tare da wasu masu fassara da malaman Hausa da suka taimaka musu. Masu fassarar ba su ƙirƙiro wa Mahalicci wani sabon suna ba. Allah suka rubuta. Ubangiji, gafara, tuba, albarka, alheri, amin, Zabura, duk da kalmomin da ke bakin mutane aka yi aiki. Shi ya sa dattijon nan na ƙofar ɗakin tiyata yake gane kusan kowace kalma, har ya ɗaga hannu ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Sai an zo wuri biyu yake jin baƙon abu: sa'ad da aka kira Allah Uba, da sa'ad da aka rufe da sunan Yesu.

Waɗannan wurare biyu su ne gindin maganar, kuma ɓoye su ba ya amfanin kowa. Musulmi ba ya kiran Allah uba, tauhidinsa bai ba shi wannan ba. Kirista kuma, in ka zauna da shi, zai gaya maka ba haihuwa irin ta jiki yake nufi ba, kusanci yake nufi: ya zo gaban wanda ya san shi, yake kuma ƙaunarsa tun kafin ya buɗe baki. Kalmar da Yesu ya yi amfani da ita a harshen Aramiya, kamar yadda Markus ya adana ta, ita ce Abba, kuma duk Bahaushen da ya ji ta ba ya bukatar tafinta. Rufewa da sunan Yesu kuwa, a wurinsu, shaida ce cewa mai roƙon bai zo da cancantar kansa ba, ta hannun Almasihu ya shigo. A nan hanyoyin biyu suka rabu, kuma masu hankali na kowane ɓangare sun san haka suna kuma gaisawa da safe.

Addu'ar da kowa ya haddace

Ko da yake ba a ɗaure su da lafazi ɗaya ba, akwai addu'a guda da ɗan Katolika a Ƙonni da 'yar EERN a Galmi duk suka haddace tun suna yara. Ita ce Addu'ar Ubangiji, wadda take a Matiyu 6 da Luka 11. A ruwayar Luka, almajirai ne suka ga malaminsu ya gama addu'a, ɗaya ya roƙe shi ya koya musu. Gajeriya ce ƙwarai, numfashi uku ya isa. Rabinta na farko ba ya taɓa bukatar mai roƙo ko kaɗan: sunan Allah, mulkinsa, nufinsa. Sai an gama da waɗannan ake saukowa kan abinci, da gafara, da tsari daga gwaji da Mugu. Tun wajen shekara ta 200 malaman Kirista na arewacin Afirka suke sharhi a kanta, Tertuliyan da Sifiriyan a Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, daga baya Agustin a Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. Wato tsallaken Sahara kaɗai ke tsakaninmu da inda aka fara yi mata tafsiri da Latin.

Roƙon abinci shi ne wanda na fi tsayawa a kansa, domin abincin yini ɗaya ake roƙo, ba na shekara ba, kuma "mu" ake cewa, ba "ni" ba. A ƙasar da ake cin abinci a zubar da saura, mai wa'azi sai ya yi ta kewaye-kewaye kafin jama'a su ji nauyin wannan. A Adar ba ya bukatar dogon bayani. Dattawa suna tuna farin 1973 da 1974, suna tuna yunwar 1984 da ake kira El Buhari, matasa ma sun ga 2005. Kowa ya san watannin nan na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, maigida yana noma da fura mai ruwa-ruwa a cikinsa. Matar da ta auna tiya ta ƙarshe ta kuma furta wannan roƙo da yaranta kafin su kwanta ba karatu take yi ba. Haka in ruwa ya ɗauke a watan Yuli, shuka ta fara lanƙwashewa, Musulmi su fita bayan gari roƙon ruwa, Kiristoci su ma sukan sa azumi su taru a majami'a a kan bukata guda, gajimare guda. In kaka ta yi kyau kuma akwai Lahadin godiya, inda ake shigo da damin gero da wake da buhun albasa a jibge gaban bagade.

A majami'un EERN da makamantansu, yawancin addu'a ba a rubuce take ba. Mai jagora zai tambaya ko akwai mai bukata. Sai hannaye su tashi. Wannan ɗanta ya tafi ci-rani Abijan wata biyar ba waya. Wancan matarsa ta kusa haihuwa. Wata 'yarta za ta zauna jarrabawa. Wani ya ce a tuna da shugabannin ƙasa da sojojin da ke daji. Sai fasto ya ce, "Baba wane, ka ɗauke mana na farko," dattijo ya miƙe, ya cire hula, ya yi magana da Allah da irin Hausar da yake yi da maƙwabcinsa, sai dai da ladabin mai magana a fada. Ƙarfin wannan al'ada a hannun mata yake. 'Yan Zumuntar Mata, da ankonsu da tulun kiɗa da caki, su ne ke zuwa gidan mai jego da gidan makoki, su yi waƙa, su durƙusa, su bar ɗan sabulu ko kwanon hatsi. Sau da yawa waƙar ita ce addu'ar, musamman ga wadda ba ta yi karatu ba: abin da ba ta iya buɗewa a littafi ta haddace shi a amshi.

Katolika kuwa sun fi kusa da abin da Musulmi ya saba gani, ko da yake bai cika sanin haka ba. Cocinsu na wannan yanki yana ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wanda aka kafa a 2001 da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, ya kuma haɗa har da jihar Tawa. Suna da addu'o'i masu lokaci, safe da tsakar rana da maraice da dare, waɗanda fada-fada da sistoci ke karantawa kullum daga Zabura 150. Suna da azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa ran Larabar Toka. Suna da carbinsu, Rosari, mai ƙwaya 59, ana jan sa ana maimaita gaisuwar Maryamu goma-goma ana tuna matakan rayuwar Yesu. 'Yan Furotesta ba su yarda da neman roƙon Maryamu ko na waliyyai ba, sun ce kai tsaye ake zuwa, kuma wannan saɓani ya haura shekara 500 bai mutu ba. Har zuwa babban taron Vatikan na 1962 zuwa 1965, da Latin ake yi wa Katolika babbar sujadarsu. Taron ne ya buɗe ƙofar harsunan gida, shi ne kuma ya rubuta girmamawa ga Musulmi saboda salla da sadaka da azumi.

Tun da Tajaye gari ne da Hausawa da Abzinawa suke zaune tare, ya dace a ambaci Charles de Foucauld. Sojan Faransa ne da ya yi watsi da addini tun yana saurayi. Ganin yadda Musulmin Maroko ke tsayawa gaban Allah, a tafiyar da ya yi can a 1883 da 1884, yana cikin abin da ya girgiza shi ya koma neman Ubangiji a addinin iyayensa. Ya ƙare rayuwarsa a Tamanrasset cikin Abzinawan Ahaggar, yana addu'a yana tattara kalmomin harshensu a ƙamus, har aka kashe shi ran 1 ga Disamban 1916. A 2022 Fafaroma Francis ya sa shi cikin waliyyai. Sallar wasu ce ta tayar da addu'arsa.

In ba a amsa ba fa?

Ba kowane gado da aka tura ɗakin tiyata yake fitowa da mai rai ba. Asibitin da ake addu'a a cikinsa shi ma yana da ƙofar da ake fitar da gawa. A nan ne ake gane abin da mutum ya ɗauki addu'a.

Koyarwar Kirista ta ƙarfafa naci. Akwai misalin mutumin da baƙo ya sauka masa da tsakar dare ba shi da abin ba shi, ya je ya yi ta buga ƙofar abokinsa har ya tashi ya ba shi gurasa, labarin da duk wanda ya san nauyin baƙo a ƙasar Hausa zai ji shi a jikinsa. Wasiƙar Yakubu ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai. Amma a tsakiyar labarin Yesu kansa akwai daren Getsamani, inda ya roƙa har sau uku a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, ya kuma miƙa wuya ga nufin Uban. Ba a ɗauke ba. Addinin da ya ajiye wannan dare a zuciyarsa ba zai iya yi wa kowa alkawarin cewa duk abin da ya roƙa zai gani a tafin hannunsa ba.

Shi ya sa raina yake ɓaci da wani salo da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, ana jin sa a wayoyi da tashoshin tauraron ɗan'adam. Ba ina nufin kwanan addu'a ko ɗaga murya irin na majami'un Fentikos ba, mutane da yawa sun samu ƙarfin zuciya a can, kuma mai kuka ba a tsara masa yadda zai yi kukansa. Ina nufin masu mai da addu'a haja, su sayar da mai da ruwa, su ce wa mai ciwon suga ko mai tarin fuka ya ajiye magani don shan magani rashin bangaskiya ne, in ya mutu kuma su ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan zalunci ne a kan mara ƙarfi, kuma Musulmi ma sun san irinsa a cikin nasu masu tsubbu. Likitan da ya sunkuyar da kai minti biyu sannan ya wanke hannu ya ɗauki wuƙa ya fi su fahimtar abin da yake karantawa. Hausawa sun riga sun faɗa, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Sai roƙon gafara, wanda ya fi kowanne tsada, domin shi kaɗai ne a cikin Addu'ar Ubangiji aka ɗaura wa sharaɗi: mai neman a yafe masa yana shaida cewa shi ma ya yafe. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, zanga-zanga a Damagaram da Yamai ta rikiɗe, aka ƙona majami'u masu yawa da gidajen Kiristoci, aƙalla mutum 10 suka mutu. Mutanen da ba su san jaridar ba, ba su kuma yarda da abin da ta yi ba, su suka biya. An samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu, an samu malaman da suka yi tir da abin. Shugabannin ikilisiyoyi kuma suka fito suka yi kiran a yafe. Faɗin haka a takarda abu ne mai sauƙi. Wanda ya tsaya cikin toka, inda bencinsa da littafin waƙoƙinsa suka ƙone, ya zo kan wannan layi na addu'ar da ya haddace tun yana ɗan shekara biyar, shi ya san abin da ya haɗiya kafin ya furta shi. Kiristocin Ƙonni da Galmi da Tawa, da labarin ya iso musu ta waya a wannan mako, su ma da wannan layin suka kwana.

A asibiti dai dare yana yi kamar kullum. Wajen ƙarfe biyar kiran Asuba yana tasowa daga masallatan garin Galmi, masu jinya su tashi su nemi butocinsu. Ma'aikaciyar da ta kwana a kan aiki ta zauna bakin tebur, ta rufe ido ɗan lokaci kafin ta ɗauki abin awon zafi ta fara zagaye. Yaron da aka yi wa aiki ya farka yana neman ruwa, aka ce ya dakata tukuna. Bayan kwana shida aka sallame su, suka hau motar kasuwa zuwa Malbaza, daga nan suka nemi ta gida.

Da yamma 'yan dubiya suka cika zaure a Tajaye, ana ta barka da arziki. Wani ya tambayi dattijon yadda mutanen mishan suka yi da su, ya ce sun yi wa yaron addu'a kafin su taɓa shi. Aka ce, wace iri? Ya ɗan yi shiru, ya gyara zaman rawaninsa.

"Ban ga sun yi alwala ba," in ji shi. "Amma na ji sun kira Allah, sun kuma faɗi sunan yaron daidai."